Bushewar gwaba: a nemo mana magani mai rai daga ƙasar garakenmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu garka da malaman gona a kan ciwon da ke busar da itatuwan gwaba, da kuma wata hanyar rigakafinsa wadda ba ta samu kulawar da ta dace ba a nan jihar Tawa.

Duk mai gwaba ya san yadda abin yake farawa: ganye ya yi rawaya, ya naɗe, ya kakkaɓe, 'ya'yan da suka rage a reshe su ƙanƙance su yi baƙi, itacen kuma ya mutu a tsaye ko da yana shan ruwa kullum. Sau da yawa mai laifin wata fumfuna ce mai suna Fusarium, wadda take zaune cikin ƙasa shekara da shekaru, ta shiga ta saiwa, ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi zuwa ganye. A Indiya an fara ba da rahoton wannan ciwo a 1935 a yankin Alahabad. A Brazil kuwa bincike ya nuna cewa ƙananan tsutsotsin saiwa, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke fara raunata saiwar, fumfunar ta biyo baya ta ƙarasa. Saboda haka mai fesa magani a ganye kuɗinsa kawai yake zubarwa, domin ɓarnar tana ƙarƙashin ƙasa.

Hanyar da nake magana a kanta ita ce a sa wata fumfuna mai amfani ta tare wa mai cutar hanya. Wadda aka fi sani ita ce Trichoderma, kuma tun 1932 masana suka gano tana cin 'yan'uwanta masu cutar da shuka. Idan ta riga isa saiwa, sai ta mamaye wurin, ta cinye abincin da mai cutar za ta rayu da shi, ta nannaɗe zarenta, ta zuba sinadarin da ke narkar da jikinta. Akwai kuma ƙwayoyin bakteriya irin su Bacillus subtilis da ke yin aiki makamancin wannan. Manoman Indiya sukan gauraya garin Trichoderma da ruɓaɓɓen takin shanu, su rufe shi a inuwa da ɗan danshi har ya yaɗu, sa'an nan su zuba a ramin dashe.

Sai dai wajibi ne a gaya wa manomi gaskiya: wannan rigakafi ne, ba ya tayar da itacen da ya riga ya bushe. Irin wannan itace tuge shi ake yi har saiwa a ƙone, kuma kada ruwan da ya bi ta gindinsa ya wuce zuwa ga masu lafiya. Amfanin maganin yana wurin renon dashe, tun shukar tana cikin leda, domin daga can ne ciwon yake bin ƙasar leda ya shiga garkar da ba ta taɓa saninsa ba.

Babbar damuwata ita ce maganin abu ne mai rai. Trichoderma ta fi bunƙasa a zafin maki 25 zuwa 30, alhali kowa ya san yadda cikin shagon kwano yake a Tawa ko Ƙonni a watan Afrilu. Ƙunshin da aka yi safararsa daga ƙetare, ya kwana a kan iyaka, ya zauna a shago har bazara ta wuce, mai yiwuwa mataccen gari ne manomi zai saya, kuma idan bai ga amfani ba, hanyar baki ɗaya zai tsine wa. Haka nan wanda ya zuba Trichoderma sa'an nan ya bi da maganin fumfuna irin carbendazim, ya kashe ta da hannunsa.

Don haka nake kira ga cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da jami'o'inmu su ɗebo ƙasa daga gindin itatuwan da suka tsira a garaken da ciwon ya cinye, su tace irin Trichoderma da ya saba da zafinmu, su gwada shi a gonakin manoma kafin a yi masa talla. Ba sabon abu ba ne a wurinmu, domin shirin LUBILOSA, wanda ya fara a 1989, a Nijar ya yi wasu daga cikin manyan gwaje-gwajensa na kashe fara da fumfunar Metarhizium, aka samu maganin Green Muscle. Ita kuma hukumar kare tsirrai, ya kamata ta riƙa auna yawan ƙwayoyin da ke raye a cikin ƙunsoshin da ake sayarwa, ta kuma tilasta rubuta ranar da aka haɗa su da yadda za a adana su, cikin Hausa, a jikin kowane ƙunshi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wani mai garka,
Tawa