Amsa Ga Ƙanena Kan Kwangilar Gwamnati

Assalamu alaikum ƙanena,

A taron masu kamfanonin gadi ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ko kwangilar gwamnati ce hanyar da ƙaramin kamfanin tsaro zai girma. Lokaci bai bar ni na amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Tana girmar da kamfani, kuma da sauri. Mai masu gadi talatin, rana ɗaya sai a ce ya kawo ɗari uku. Bankin da jiya ya ƙi sauraronka, yau da ka nuna takardar kwangila sai a ja maka kujera. Matsalar ita ce sai ka ɗauki mutanen da ba ka san halinsu ba, ka sa musu kaki kafin ka gama horar da su.

Manya ma sun yi tuntuɓe a nan. Kamfanin tsaro na Birtaniya, G4S, ya karɓi aikin samar da masu gadi 10,400 don wasannin Olamfik na 2012 a Landan. Ana saura kusan mako biyu a buɗe wasannin ya fito ya ce ba zai iya cika adadin ba, dole gwamnatin Birtaniya ta turo ƙarin sojoji 3,500. Kamfanin ya yi asarar kusan fam miliyan 88, shugabansa Nick Buckles ya sha tambayoyi a gaban kwamitin majalisa, shekarar da ta biyo baya kuma ya bar kujerarsa. Blackwater kuwa, kamfanin tsaro na Amurka wanda Erik Prince ya kafa a 1997, kwangilolin Amurka a Iraƙi ne suka ɗaga shi. Ranar 16 ga Satumba 2007 ma'aikatansa suka buɗe wuta a dandalin Nisour a Bagadaza, fararen hula 17 suka rasu. Iraƙi ta hana shi lasisi, ya koma sauya suna har sau biyu.

Amma abin da ya fi damuna, wanda ba a cika faɗa a taro ba, shi ne jinkirin biya. Mai gadi albashinsa na wata ne, ita kuwa hukuma sai takarda ta bi ofis-ofis, wani lokacin a ce maka kasafin kuɗin bai fito ba. Na taɓa yin aiki da wata hukuma da ta riƙe mini kuɗi wata da watanni. Ba zan manta da wani dattijo cikin ma'aikatana ba, wanda yake kwana a bakin ƙofa awa goma sha biyu. Ya shigo ofis ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Yallaɓai, ba rigima na zo yi ba, yarona ne ba shi da lafiya." Ranar na ci bashi da ruwa don na biya su, ribar da nake lissafi kuma ta tafi a wurin banki. Wanda ya bar mai gadi da yunwa, shi da kansa ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Ga kuma abin da ke biyo baya. Don ka wadata aikin gwamnati sai ka saki ƙananan kwastomominka, masana'anta da asibiti da shaguna, waɗanda suke biya a kan lokaci. Da an sauya shugabanci ko an sake buɗe tayin kwangila, wani ya rage farashi ya karɓe, sai ka tashi da motoci da kaki da ɗaruruwan mutane, babu wurin kai su.

Ba hana ka nema nake yi ba. Ni dai ba na yarda aikin hukuma ɗaya ya wuce rabin kuɗin shigata, kuma ba na sa hannu sai ina da albashin wata uku a ajiye. Idan takardar tayin ta zo hannunka, kawo ta mu duba sashen biyan kuɗi da na soke kwangila tare kafin ka sa hannu.

Yayanka a sana'a.