Idan allura ta soke ka a bakin aiki, kar ka yi shiru

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah ka ɗan bani fili in yi magana kan wani abu da ya tsaya min a rai.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 14 a wannan aikin. Wata huɗu da suka wuce wata dattijuwa da ke mana shara, Iya muke ce mata, ta zo ɗaure ledar shara sai allura ta soke ta a yatsa, ashe wani ne ya jefa sirinji a leda maimakon kwalin da aka tanada dan zuba allurai. Ta matse gurin ta zuba masa bilic ta ja bakinta ta yi shiru har kwana 5, sai da na ga ta zabge ko abinci bata ci na ja ta gefe nace Iya lafiya kuwa, kawai sai ta fashe da kuka wai ita tata ta ƙare ta kwaso ƙanjamau, har ta fara yi wa 'ya'yanta wasiyya. Wallahi ranar nima sai da nayi hawaye.

Jama'a ku sani, ko da an tabbatar allurar daga jikin mai HIV, wato ƙwayar cutar ƙanjamau, ta fito, cikin mutum 1000 da irinta ta soka kusan mutum 3 ne suke kamuwa. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan sukar tayi zurfi, ko ana ganin jini a jikin allurar, ko mai rami ce da aka zare daga jijiya yanzu yanzu, ko kuma mara lafiyar baya shan magani ƙwayar cutar ta yi masa yawa a jini. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta kwanta haɗarin kamuwa daga gare shi ya ragu sosai.

To amma ƙanƙantar haɗari ba ita ce za ta sa a kwanta ba, tunda akwai maganin kariya da ake kira PEP, ana shan sa kwana 28 ba fashi, kuma dole a fara kafin awa 72 ta cika, in da hali ma a awannin farko. Abin da ya fi min ciwo kenan, maganin yana nan cikin asibitin da Iya take shara amma ba wanda ya taɓa gaya mata, ta zo lokaci ya wuce sai dai gwaji da addu'a. In allura ta soke ka, a wanke gurin da ruwa da sabulu kawai, ba matsa ba tsotsa ba bilic, sannan a sanar da babba a gurin aiki a take ko da tsakar dare ne, a gwada ka a gwada mara lafiyar in an san shi.

Alhamdulillahi gwajinta na sati 6 da na wata 3 duk sun fito lafiya lau. Sai dai a nan muka gano bata taɓa yin rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, alhali shi ya fi HIV saurin kamu nesa ba kusa ba, haɗarin kamuwa ta allura ɗaya zai iya kai 30 cikin 100, ga rigakafinsa allura uku ce kacal cikin wata 6.

Rokona ga shugabannin asibitoci da masu kemis, in za a yi bita a daina ware masu shara da masu wanki da ɗalibai, a yi musu bayani da Hausa, a yi musu rigakafin hanta. Mu kuma abokan aiki dan girman Allah mu bar mayar wa allura murfi da hannu biyu, daga jikin mara lafiya sai cikin kwali.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Zariya.