Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Kan Ciwon Ƙafarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, dalilin wannan takarda shi ne labarin da ƙanwarka ta kawo mana da ta dawo daga Kano. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya kana da saurin cewa "lafiya lau, Baba," ka kashe maganar. Ta ce har dare ya raba kana zaune a bakin gado, tafin ƙafafunka suna raɗaɗi da tsikari, ko mayafi ba ka iya jurewa ya taɓa yatsunka, da rana kuma silifa takan zame maka ba ka sani ba. Ta ce tun kafin azumi likita ya gaya maka ciwon suga ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa, amma ka daina zuwa asibiti ranar masu suga, wai ba za ka zauna benci ɗaya da tsofaffi ana lissafin cuta ba.

Na riga ka shiga wannan hali, don haka ka saurare ni. Idan suga ya daɗe yana sama a jini, yakan lalata jijiyoyin da suke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda suka fi tsawo yake fara ci, shi ya sa abin yake somawa daga yatsun ƙafa biyu, ya riƙa haurowa a hankali, wani ma ya kai ga hannu. Kusan rabin masu ciwon suga suna gamuwa da shi komai daɗewa. Jijiyar da ta lalace da wuya ta dawo yadda take, amma wanda ya riƙe sugansa yana rage wa ɓarnar gudu.

Raɗaɗin da kake sha yana damuna, amma ba shi yake hana ni barci ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zafin zai lafa ka ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali ƙafar ce ta daina ji. Ka tuna Baffanka. A hunturu ya miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi, barci ya ɗauke shi, diddige ya ƙone bai ji ba, bai kuma sani ba sai da safa ta manne da ciwon. Aka kira wanzami, aka barbaɗa garin magani, aka ɗaure da tsumma, gyambo ya ci gaba da cin nama yana ta zuwa kasuwa a kansa domin ba ya jin komai. Ranar da aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa kai ne ka riƙe masa buta a asibiti, ka kuma ga yadda mutumin da yake cika masallaci da murya ya koma ba ya son a shigo gaishe shi. Duk lokacin da na rufe ido sai in gan ka a kan gadon nan, ga 'ya'yanka ƙanana. Wallahi ban shirya ganin wannan sau biyu a gidanmu ba.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ji kana jiƙa ƙafa a ruwan zafi da dare, kana kuma aika yaro kemis ya sayo maka tiramadol. Da iliminka da shekarunka? Ƙafar da ba ta bambance ɗumi da tafasa ita za ka tsoma a ruwan zafi? Ƙwayar da ta gama da samarin unguwarmu ita za ka mayar abokiyar kwana? Na ji kuma ka yi fushi don na kira maiɗakinka na gaya mata abin da za ta riƙa lura da shi. Na gaya mata, gobe ma zan sake, domin ita ce take ganin diddigenka, kuma ban haife ka don in riƙa neman izininka kafin in tsare lafiyarka ba.

Bencin da kake rainawa, a kansa na koyi yawancin abin da ya tsare mini ƙafafuna. Likita yana da mutane da yawa a layi, maganarsa taƙaitacciya ce, sauran bayanin a wurin 'yan'uwa marasa lafiya ake samunsa. Wani tsohon direba ne ya nuna mini yadda yake ajiye madubi a ƙasa kowane dare ya duba tafin ƙafarsa. Wata baiwar Allah ta koya mana gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, da tsane tsakanin yatsu bayan alwala, da zazzage takalmi kafin a sa, da barin tafiya ba takalmi a kan simintin harabar masallaci ranar Juma'a lokacin zafi. A can na fara jin cewa wanda ya daɗe yana shan maganin sugan nan metformin ya kamata a duba masa bitamin B12, domin ƙarancinsa ma yana lalata jijiya. Bayan wannan duka akwai sanyin zuciya. A gida, da yake ƙafar ba kumburi ba rauni, wani ya ce raki ne, wani ya ce sammu ne. A can kuwa kana cewa "jiya ban runtsa ba," sai ka ga kowa ya gyaɗa kai, ba mai neman ka yi masa rantsuwa. Akwai matasa sa'anninka a cikinsu, har da malaman makaranta da 'yan kasuwa. Sai dai ka yi hattara da mai tallar jiƙon da wai yake warkar da suga gaba ɗaya. Duk shawarar da ta shafi abin sha, ka kai ta gaban likita tukuna.

Ɗana, ban rubuta don in tozarta ka ba. Na san nauyin da yake kan namiji mai iyali idan jikinsa ya fara gaza masa tun bai tsufa ba, na kuma san kunyar da take sa shi ɓoyewa. Ka koma asibiti cikin makon nan. Ka nemi a gwada jin ƙafarka da siririn zaren roban nan da suke dannawa a tafi, a yi maka gwajin HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance cikin kimanin wata 3, ka kuma gaya wa likita gaskiyar ƙwayar da kake sha. Akwai magungunan da aka tanada don irin wannan raɗaɗi, kamar amitriptyline da pregabalin, amma shi zai zaɓa maka ya kuma faɗi adadi. Ka tambayi ma'aikatan jinya ranar da masu suga suke taruwa, ko reshen Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Najeriya da yake kusa da kai. Idan zuwan farko ne yake yi maka nauyi, ka sanar da ni ranar, zan hau mota in zo mu tafi tare.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, tana kuma yi maka addu'a kullum. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka. Ka gaishe mini da yaran, ka kuma aiko mini da sakamakon gwajin da zarar ya fito.

Naka,
Mahaifinka