A daina gaggawar yi wa kwamfuta fomat

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in ja hankalin masu kwamfuta. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 mutane suke ta rububin komawa Windows 11, ita kuma tana da sharuɗɗanta, sai kwamfutarka tana da TPM 2.0 (wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta) da RAM akalla 4GB da fili 64GB, shi ya sa laptop da yawa da ke aiki lafiya lau take ƙin hawa kansu.

Abin da ke damuna wallahi shi ne da ka kai wa mai gyara, maganarsa ta farko "bari a yi mata fomat", kafin ka ankara hotunan iyali da takardun aiki da project ɗin makaranta duk sun tafi. Alhali ba dole ba ne! In Windows 11 ta ƙi hawa, akwai Linux, wata manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar Windows da Linux gaba ɗaya, in ka kunna ta tambaye ka wanne za ka shiga.

Amma fa sai an bi a hankali. Ka fara kwashe fayilolinka zuwa wani hard disk na waje, ka buɗe su can ka tabbatar sun kwafu. In akwai BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa disk, to ka nemo mabuɗinsa, lambobi 48 ne, ka rubuta a takarda, don in kwamfutar ta nema ba ka da shi ta kulle ke nan. Sai ka sa Linux Mint ko Ubuntu (duk nau'o'in Linux ne) a flash da wata manhaja mai suna Rufus, ka tada kwamfutar daga flash ɗin ka gwada wifi da sauti da firinta, duk ba a taɓa Windows ɗinka ba tukuna. In ya yi maka sai ka koma Windows ka kashe Fast Startup (saitin da ke sa ta tashi da sauri), ka rage wa Windows fili a Disk Management, inda ake raba disk, don Linux ya samu wuri. Wajen saka Linux ɗin kuma ka nutsu ka karanta, akwai zaɓin da zai ajiye shi gefen Windows, akwai wanda zai share disk ɗin kakaf, kuma suna kusa da juna.

Gaskiya Microsoft Office da Photoshop ba sa hawa Linux kai tsaye, LibreOffice ake amfani da shi a madadin Office, don haka mai dogaro da su ya bar Windows ɗinsa a gefe. Masu gyara kuma don Allah ku riƙa tambayar mai kaya ko ya kwashe abubuwansa kafin ku danna komai.

Na gode,
Wani mai karatu