Labarin Yana da na ce zan ba ka

Assalamu alaikum abokina,

Da fatan kana lafiya, ya iyali ya aiki, ya sanyin can? Na ga saƙonka cewa 'yar taka ta nace sai an sa ta ajin jimnastik ɗin nan na kiɗa, wanda ake yi da ƙwallo da zobe da ribon, kai kuma kana cewa ai rawa ce kawai ta yara. Kai dai bari, rawa kam akwai ta a ciki, amma bari in ba ka labarin Yana Kudryavtseva tukunna sai ka sake magana.

'Yar Rasha ce, an haife ta a Mosko a 1997, babanta ma ɗan wasan ninƙaya ne da ya je Olamfik na 1992. A 2013 a birnin Kiyef ta zama zakarar duniya tana da shekara 15, ba a taɓa samun mai ƙarancin shekaru irin haka da ta ci wannan kambun ba, ta sake ci a 2014 a Izmir na Turkiyya, ta kuma ci a 2015 a Stuttgart na Jamus, sau uku a jere kenan. Kuma fa kasan yadda abin yake, kaya huɗu ne kowacce za ta yi, zobe, ƙwallo, kulake biyu, da ribon mai tsawon mita 6 wanda ba a so ya ƙulle ko ya kwanta, kowanne minti ɗaya da rabi ne iyaka akan kafet mai faɗin mita 13, a haɗa makin duka huɗun a fitar da gwana. Wato sai kin yi huɗun ba tangarɗa.

Ni abinda ya sa na kamu da kallonta wasan ƙwallonta ne. Za ta ɗora ƙwallon a kan ɗan yatsa yana juyawa, ita kuma ta kifa jiki ta yi alkafura ta miƙe, ƙwallon na nan a yatsan bai ko girgiza ba, fuskar nan a sake kamar ba ita ke yi ba. Wasu in sun cilla abu sama zaka ga idonsu na binsa a tsorace, ita kuwa cillawa take ta juya baya ta cafe da ƙafa ko da gadon baya, wallahi sai ka maimaita bidiyon a hankali kafin ka gane me ya faru.

To ashe waccan gasar ta 2015 da ciwo a ƙafa ta yi ta, daga baya aka gano ƙashin ya tsage, aka yi mata tiyata a Jamus, ta yi watanni bata taka kafet ba, ga Olamfik na Riyo saura ƙasa da shekara. Ta dawo dai, kuma a Rasha dawowar ma kanta aiki ce, don 'yan wasa biyu kacal kowace ƙasa ke iya kaiwa, ga yara fal a sansanin atisaye na Novogorsk ƙarƙashin babbar mai koyarwa Irina Viner kowacce na jiran ki yi tuntuɓe. Tun daga 2000 har zuwa lokacin babu wata ƙasa da ta karɓe zinaren Olamfik ɗin nan daga hannun 'yan Rasha, Barsukova, Kabaeva, sai Kanaeva har sau biyu.

A wasan ƙarshe a Riyo 2016, bayan zobe da ƙwallo ita ce a gaba. Aka zo kulake, komai na tafiya daidai har daƙiƙun ƙarshe, ta cilla kulki sama ta mirgina a ƙasa ta miƙa hannu, kulkin ya sauka can gefe inda hannun bai kai ba, kiɗa ya tsaya. Shikenan fa. Abokiyar atisayenta Margarita Mamun, wadda babanta ɗan Bangladash ne, wadda ta yi ta zuwa ta biyu a bayanta a 2014 da 2015, ita ta ɗauki zinare da maki 76.483, Yana ta tashi da 75.608, tazarar ko maki ɗaya bata kai ba. Ganna Rizatdinova ta Yukren ta samu tagulla.

Ba wai ina rage wa Mamun komai ba, ranar ta yi huɗunta tsaf kuma ta cancanta, ita ma da nata nauyin a zuciya don babanta na kwance ba lafiya, ya rasu 'yan kwanaki bayan ta koma gida. Amma in ka tambaye ni wace ce gwanar wannan zamanin nasu, Yana zan ce ko yau ko gobe, kuma haushi nake ji in na ga ana kiranta "wadda ta yar da kulki", shekara uku tana riƙe da duniya fa. Ƙafar bata sake barinta ba, farkon 2017 ta ajiye wasan tana da shekara 19, shekarun da a ƙwallon ƙafa ake cewa yaro ya fara tasowa.

Don haka ni dai shawarata ka bar yarinyar ta shiga, zata samu laushin jiki da nutsuwa, kuma ba kowa ne zai bi hanyar gasa ba. Sai dai ka sa ido akan mai koyarwar, in tana matsa wa yara kan abinci da nauyin jiki, ko yarinya ta ce ƙafa na ciwo a ce ta daure, to kada ka tsaya jin wani bayani, ka canza mata wuri.

Ka nemo wasan ƙwallon Yana na 2013 ku kalla tare da ita, ka faɗa min me ta ce. A gaida mai ɗakin naka da yara.

Naka har kullum.