Kuskuren Binciken 2002 Bai Wanke Ƙwayar Ecstasy Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wata muhawara da ta daɗe tsakanin masana a Amurka da Turai, wadda ɓurɓushinta ya fara isowa ga matasanmu ta wayoyin hannu, wato ko ƙwayar ecstasy, wadda masana ke kira MDMA, tana lalata ƙwaƙwalwar mai shan ta don nishaɗi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ji wani ɗalibi yana gaya wa abokansa cewa Turawa da kansu sun janye maganar, don haka ƙwayar ba ta da illa. Labarin da ya dogara da shi ya faru, amma rabinsa kawai ya riƙe.

A watan Satumban 2002 mujallar Science ta buga binciken Dokta George Ricaurte na Jami'ar Johns Hopkins, inda aka ce an yi wa birai goma allurar MDMA gwargwadon abin da mutum kan sha a dare guda, biyu suka mutu, kuma aka ga mummunar ɓarna a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ke aiki da sinadarin dopamine, mai hannu a sarrafa motsin jiki, har aka yi hasashen masu shan ta za su iya kamuwa da cutar Parkinson mai sa karkarwa. Bayan shekara guda aka janye binciken, domin an gano cewa an yi kuskuren lakabi a kwalaben, kuma wata ƙwaya dabam mai suna methamphetamine aka bai wa kusan dukkan biran, ba MDMA ba. Wannan abin kunya ne ga kimiyya, kuma har yau masu tallar ƙwayar suna kafa hujja da shi.

Sai dai abin da aka janye ya shafi dopamine ne, alhali tun kafin 2002 babban abin da ya dami masana shi ne serotonin, sinadarin da ke da hannu a yanayin zuciya da barci da tunani. Gwaje-gwaje da dama kan ɓeraye da birai sun nuna MDMA mai yawa tana raunana jijiyoyinsa, kuma wani binciken 1999 ya gano cewa biran da aka bai wa ita kwana huɗu ba su gama farfaɗowa ba bayan shekara bakwai. Hotunan ƙwaƙwalwar mutanen da suka zurfafa a shanta ma sun nuna raguwar alamun serotonin, ko da yake an ga alamar murmurewa ga wasu da suka daina.

Inda masana suka rabu shi ne girman ɓarnar ga ɗan Adam, kuma dalilin saɓanin a fili yake: mai shan ecstasy yakan haɗa ta da wiwi da giya da kwana ba barci, don haka da wuya a tantance wanne ya jawo mantuwar da aka gani a tare da shi. Dokta John Halpern na Harvard ya yi ƙoƙarin warware wannan a 2011, ya kwatanta masu sha 52 da ba su cika taɓa wasu ƙwayoyi ba da marasa sha 59, bai sami wani babban bambanci a ƙarfin tunaninsu ba, amma shi da kansa ya yi gargaɗin kada a ɗauki sakamakon a matsayin izini. Haka nan amincewar da Ostareliya ta yi a 2023 cewa likitocin ƙwaƙwalwa su yi amfani da MDMA ga masu fama da firgicin bayan tashin hankali magana ce ta magani tsantsa, mai awo, a gaban likita, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da hakan a 2024.

Akwai kuma abin da babu jayayya a kansa, wanda ni ya fi tayar mini da hankali. Ƙwayar tana ɗaga zafin jiki har gaɓoɓi su gaza, tana kuma hana jiki fitar da ruwa, kamar yadda ya faru da wata yarinya 'yar shekara 18 a Ingila a 1995, wadda ta sha ƙwaya guda ta bi ta da ruwa mai yawa, ƙwaƙwalwarta ta kumbura ta rasu. Wadda ake saye a ɓoye kuwa, mai sayarwar ma bai san abin da aka cuɗa a cikinta ba.

Roƙona gare ku shi ne idan za ku yi rahoto kan wannan ƙwaya kada ku ƙara gishiri, domin matashin da ya kama mu da zuzutawa sau ɗaya ba zai sake sauraronmu kan tiramol ko kodin ba. Ku gayyato likita daga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna ko na Kware, ya yi wa masu karatu bayani da Hausa, ya kuma amsa tambayoyin da matasan za su aiko.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya.