Zuwa ga Malamin da ya tambaye ni maganin "dawo gobe"

Assalamu alaikum Malam,

Ka bugo waya a shirin rediyo ka tambaye ni, a matsayina na tsohon ma'aikacin gwamnati, ko zuba kwamfutoci a ma'aikatu zai kawo ƙarshen "dawo gobe". Lokaci ya ƙure mana a ranar, ga amsata.

Ba zai kawo ba. Ban raina na'ura ba: tsarin albashi na IPPIS da aka fara a 2007 ya tona asirin ma'aikatan bogi, asusun bai-ɗaya da aka tilasta a 2015 kuma ya rufe asusun ma'aikatu barkatai a bankuna. Amma wannan lissafin kuɗi ne, kai kuwa damuwarka fayil.

Ka san yadda yake tafiya. Ya fito daga ofishin rajista, masinja ya ajiye shi a teburin wani, mai teburin ya rubuta "a duba" ya miƙa sama, na sama ya dawo da shi ƙasa neman bayanin da ke shafi na biyu. Kowa ya sa hannu, ba wanda aka ɗaure da ranar gamawa. Ka kawo kwamfuta ka bar teburan nan yadda suke, sai dai a daina ce maka "Oga ba ya nan" a koma "babu netwok".

Abin da ke aiki wa'adi ne. A watan Mayun 2017 Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya ba da umarnin kowace hukumar tarayya ta wallafa takardun da take buƙata, da kuɗin, da kwanakin da aiki zai ɗauka. Idan wa'adin ya wuce ba amsa, a ɗauka an amince. A 2023 aka shigar da wannan cikin dokar sauƙaƙa kasuwanci. Ko a tarayyar ma ba a cika bin sa ba, balle jihohi da ƙananan hukumomi, inda takardar fili da fanshon malaman firamare ke kwana. Can ya kamata 'yan majalisarmu su yi irin wannan dokar, har da hukuncin jami'in da ya danne fayil.

Kafin nan, Malam, duk takardar da za ka kai, ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya. In an yi shiru, ka rubuta neman bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Wassalam,
Ɗan'uwanka